Filin Lafiya: Wa Ke da Ta Cewa a Maganin Rikicewar Bugun Zuciya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifina yana da shekara 72, yana fama da hawan jini da ciwon sukari, kuma kwanan baya aka yi masa gwaji aka ce bugun zuciyarsa ya rikice, ciwon da suka kira AF. Likitan ya yi mana bayanin magungunan tsinka jini iri biyu, sannan ya ce mu je mu yi shawara mu dawo masa da abin da Baba ya zaɓa. Maganar ta ɓata wa Baba rai, har yana cewa idan wanda ya yi karatun bai san abin da ya dace ba, shi ta yaya zai sani. Shin wannan alamar rashin ƙwarewa ce, mu nemi wani likitan, ko kuwa haka ake yi? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Baba lafiya. Kada ku sauya likita saboda wannan dalili, domin abin da ya yi shi ne abin da ƙa'idojin kula da wannan ciwo suka umarce shi da yi, kuma na fi jin tsoron likitan da zai rubuta maganin tsinka jini ya miƙa wa dattijo ba tare da ya tambaye shi komai game da rayuwarsa ba.

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa, kuma a lokacin hutu takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya bisa tsari. A ciwon AF, saƙon lantarkin da ke tafiyar da ɗakunan sama yakan hargitse, sai su riƙa karkarwa maimakon su matse su tura jini gaba. Jinin da bai gudana sosai yakan kwanta, musamman a wani ɗan aljihu da ke jikin ɗakin sama na hagu, ya daskare ya zama guda, kuma idan gudan ya ɓalle ya bi jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, sai a samu shanyewar ɓarin jiki. Mai wannan ciwo ya fi wanda ba shi da shi fuskantar haɗarin shanyewar jiki da kusan ninki biyar, ko da kuwa ba ya jin komai a ƙirjinsa.

Likitoci suna auna girman haɗarin kowane majiyyaci da wani ma'auni mai suna CHA2DS2-VASc, wanda ke ba da maki ɗaya ga hawan jini, ɗaya ga ciwon sukari, ɗaya ga gazawar zuciya, ɗaya ga cutar jijiyoyin jini, ɗaya ga shekara 65 zuwa 74, sannan maki biyu ga wanda ya kai 75, da wasu biyun ga wanda ya taɓa samun shanyewar jiki. A tsohon tsarin ana ƙara wa mace maki ɗaya, amma ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta cire wannan a ƙa'idojinta na 2024. Bisa abin da kika faɗa, Baba yana da maki uku, kuma a wannan mataki babu saɓani tsakanin masana cewa amfanin maganin tsinka jini ya rinjayi illarsa ga yawancin mutane. Don haka tambayar da ke gabanku ta fi karkata ga wane magani za a sha, kuma a nan ne ilimin likita kaɗai ba ya wadatarwa.

Tsohon maganin shi ne warfarin, wanda ke rage haɗarin shanyewar jiki da kusan kashi biyu cikin uku. Sharaɗinsa shi ne a riƙa zuwa gwajin jini mai suna INR a kai a kai domin a riƙe sakamakon tsakanin 2 da 3, kuma ƙarfinsa yakan sauya idan mutum ya sauya yawan koren ganyen da yake ci ko ya fara shan wani magani, irin su wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Sababbin kuwa, wato dabigatran da rivaroxaban da apixaban da edoxaban, waɗanda Amurka ta amince da su ga masu AF tsakanin 2010 da 2015, ba sa buƙatar wannan gwaji na yau da kullum, kuma zubar jini a cikin ƙwaƙwalwa ya fi ƙaranci da su da kusan rabi, shi ya sa ƙa'idoji suka fifita su ga mafi yawan majiyyata. Sai dai sun fi tsada a wurare da yawa, ana daidaita adadinsu da ƙarfin ƙoda, kuma aikinsu yakan gushe daga jiki cikin kwana ɗaya ko biyu, ta yadda mai yawan mantuwa zai iya zama ba shi da kariya alhali yana zaton yana kan magani. Apixaban da dabigatran sau biyu ake sha a rana, rivaroxaban sau ɗaya tare da abinci.

To, wa ya san ko Baba zai iya zuwa gwaji duk bayan 'yan makonni? Wa ya san ko yakan manta maganin dare, ko yakan yi tuntuɓe ya faɗi, ko yana shan ibuprofen ko diclofenac don ciwon gwiwa ba tare da ya faɗa wa kowa ba, alhali waɗannan suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki? Wa ya san ko kuɗin sabon maganin zai samu kowane wata har tsawon shekaru, ko kuwa za a fara a yanke? Baba da ku ne kuka san amsoshin, kuma maganin da ya fi kyau a takarda ba shi da amfani idan ba za a iya ɗorewa a kansa ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi, wato abin da mutum ya fi tsoro. Wani bincike da aka yi a Kanada aka wallafa a 2001 ya nuna cewa majiyyata sun fi likitoci yarda su ɗauki haɗarin zubar jini muddin za su tsira daga shanyewar jiki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: likita yana jin nauyin zubar jinin da maganin da ya rubuta ya jawo, shi kuwa majiyyaci yana tunanin kwanciya a gado ba ya iya magana ko ɗaga hannu. Idan likita ya yanke hukunci shi kaɗai, da ma'aunin tsoronsa zai yanke, ba da na mai jikin ba.

Idan kun koma, ku roƙi likitan ya faɗa muku alƙaluma a fili: cikin mutum 100 masu irin yanayin Baba, nawa ne za su samu shanyewar jiki a shekara idan ba su sha magani ba, nawa ne idan sun sha, kuma nawa ne za su yi zubar jini mai tsanani. Ragin kashi biyu cikin uku yana da girma ga wanda haɗarinsa, a misali, shida ne cikin ɗari, domin zai sauka zuwa biyu, amma ga wanda haɗarinsa bai kai ɗaya ba, ragin ba zai taka kara ya karya ba. Bayan haka Baba yana da damar ya ce, "Likita, ga halin da nake ciki, da kai ne wanne za ka ɗauka?" Neman shawarar likita bayan an ba shi cikakken bayani shi ma zaɓi ne. Abu ɗaya kawai zan ja hankalinku a kai: aspirin ba ya maye gurbin waɗannan magunguna, domin kariyarsa a wannan ciwo kaɗan ce, zubar jinin da yake jawowa kuwa ba kaɗan ba ne.

TAMBAYA: Shekarata 54, kuma kusan wata takwas ke nan da aka gano ina da AF. Ina shan bisoprolol, bugun ya ragu, amma har yanzu ina gajiya da hawa 'yar matakala, kuma wani lokaci faɗuwar gaba takan tashe ni daga barci. Na ji ana wani aiki na ƙona wurin da matsalar take fitowa, amma likitana bai taɓa ambata shi ba. Ya dace in tayar da maganar da kaina? Daga wani magidanci.

AMSA: Ya dace, Malam, kuma ina ba ka shawarar kada ka jinkirta. Maganin AF yana da ɓangare biyu da ake yawan cakuɗawa: kariya daga shanyewar jiki, da kuma sauƙaƙa abin da mutum ke ji. A ɓangare na biyu bakinka ya fi na kowa nauyi, domin babu na'urar da ke auna yadda gajiya ta hana ka aikinka, kuma likitan da ya ga bugunka ya sauka ƙasa da 100 zai iya ɗauka komai ya daidaita idan ka amsa masa da "da sauƙi" don kara.

Hanyoyin biyu ne. Ko dai a bar bugun a rikice a rage saurinsa da magunguna irin bisoprolol ko diltiazem ko digoxin, ko kuma a yi ƙoƙarin mayar da shi kan tsarinsa na asali. Binciken AFFIRM na 2002, wanda ya ƙunshi majiyyata kusan dubu huɗu, bai ga bambancin tsawon rai tsakanin hanyoyin biyu ba, kuma wannan ya sa likitoci da yawa suka daɗe suna wadatuwa da rage sauri. A 2020 binciken EAST-AFNET 4 ya zo da wani sakamako: waɗanda aka mayar wa da bugu kan tsari cikin shekarar farko da gano ciwon sun samu ragin kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutuwa ta dalilin zuciya da shanyewar jiki da kwanciya asibiti. Kai kana cikin wannan shekara ta farko.

Ana mayar da bugu ta hanyar ba zuciya ɗan jan lantarki bayan an sa mutum barci, ko da magunguna irin flecainide da amiodarone, ko da aikin da ka ji labari. Wannan aiki ya samo asali daga birnin Bordeaux na Faransa, inda Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa suka nuna a 1998 cewa mafi yawan saƙonnin da ke tayar da rikicin daga bakin jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu suke fitowa. Ana zura siririyar waya ta jijiyar matsematsi har zuwa zuciya, a killace waɗannan wurare da zafi ko sanyi ko bugun lantarki. Ya fi magunguna hana ciwon dawowa, amma ba a cika samun tabbacin warkewa da aiki ɗaya ba, wasu sai an maimaita, kuma akwai ƙaramin haɗarin zubar jini a kewayen zuciya ko shanyewar jiki. Amiodarone kuwa yana da ƙarfi, sai dai idan an daɗe ana sha yana iya taɓa huhu da hanta da ƙullutun maƙogwaro. Wani zai gwammace ya sha ƙwaya kullum da a shiga zuciyarsa da waya, wani kuwa akasin haka, kuma duka biyun masu hankali ne.

Ka sani cewa nasarar aikin ba ta nufin daina maganin tsinka jini kai tsaye, domin makin haɗarinka ne ake dubawa tukuna. Sannan akwai abin da ke hannunka kai kaɗai: rage ƙiba, barin giya, daidaita hawan jini, da neman gwaji idan iyalinka ta lura kana minshari mai ƙarfi numfashinka yana ɗaukewa cikin barci, domin kowanne daga cikinsu yana sa ciwon dawowa ko bayan aiki.

TAMBAYA: Ni mace ce 'yar shekara 31. Ciwon zazzaɓin gaɓɓai da na yi ina yarinya ya ƙuntata ƙofar da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa na hagu a zuciyata, yanzu kuma ga AF. Na gaji da gwajin INR, na roƙi a mayar da ni kan sabon magani, likita ya ƙi. Ina 'yancin zaɓin da ake faɗa?

AMSA: A nan likitanki yana da gaskiya, Malama. Zaɓi yana aiki ne tsakanin hanyoyin da kowacce za ta iya fitar da mutum, kuma ga mai matsakaicin ƙunci ko ƙunci mai tsanani a wannan ƙofa, ko mai ƙofar ƙarfe da aka dasa, warfarin ne aka tabbatar. Binciken INVICTUS na 2022 ya gwada rivaroxaban a kan masu irin ciwonki, sai aka samu mutuwa ta fi yawa a cikinsu fiye da masu shan warfarin. Haƙƙinki shi ne a yi miki wannan bayani, ba a ce miki "a'a" kawai ba, kuma kina iya tambaya ko za a tsawaita tazarar gwajin idan sakamakonki ya daɗe a daidai. Idan kina da niyyar ɗaukar ciki, ki sanar da likita tun kafin ya shiga, domin warfarin yana iya cutar da ɗan tayi, musamman a watannin farko, kuma ƙuncin ƙofar shi kansa yana buƙatar a duba shi kafin ciki ya ƙara wa zuciya nauyi.

TAMBAYA: Yayana ya ga jini a dasashinsa, sai ya daina shan apixaban, yana cewa jikinsa ne. Me za mu yi?

AMSA: Jikinsa ne, kuma babu mai tilasta wa baligi mai hankali shan magani, amma ku tabbatar ya san cewa kariyarsa ta riga ta gushe tun kwana biyun farko. Jinin dasashi sau da yawa daga ciwon dasashin yake, ko daga wani maganin da ake haɗawa da shi, kuma likita zai iya duba ƙodarsa, ya gyara adadin, ko ya sauya masa wani. Ku raka shi asibiti cikin makon nan. Idan ya ga baƙin bayan gida ko aman jini, ko kuma bakinsa ya karkace, hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, ku kai shi sashen gaggawa nan take, ku kuma faɗa musu ranar da ya sha ƙwayar ƙarshe.