Aiki a gwamnatin da ta raba addini da mulki: mene ne hukuncinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne, kuma tsarin mulkin ƙasarmu ya ce gwamnati ba ta da addini. Wani abokina ya ce wai duk mai aiki a irin wannan tsarin ya yarda da almaniyya kenan, imaninsa ya samu matsala, wani kuma a ofis ya ce ai addini a masallaci ya kamata ya tsaya. Malam na rikice wallahi, wanne ne daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Dukkansu biyu sun yi kuskure, amma sai mun fara warware kalmar tukunna, domin wannan almaniyya ɗin, wato raba addini da mulki, wadda 'yan boko ke ce wa sekula, ba abu ɗaya ba ce ko a wajen masu ita.

Akwai wadda ma'anarta gwamnati ba za ta tilasta wa kowa addini ba kuma ba za ta hana kowa nasa ba, kamar gyaran da Amurka ta yi wa tsarin mulkinta a 1791. Akwai kuma wadda take korar addini daga idon jama'a. Faransa ta raba coci da gwamnati a 1905 saboda daɗewar rigimarsu da cocin Katolika, amma aka yi ta tafiya har 2004 aka hana 'yan mata sa hijabi a makarantun gwamnati. Turkiyya ma bayan rushe halifanci a 1924, sai da aka kai ga hana kiran salla da Larabci daga 1932 har 1950. To ka ga ai ba za a zuba su a kwando ɗaya ba. Kuma ko Ingila da ake ganin ta waye, sarkinsu shi ne shugaban cocin ƙasar, bishop-bishop 26 suna da kujeru a majalisar dattawansu.

Maganar na ofis ɗinku, in aƙida ce ya riƙe cewa Allah ba ruwansa da kasuwa da kotu da mulki, wannan ɓata ce, ba wani boye-boye. Allah ya ce a Suratul An'am aya ta 162, ka ce sallata da yankana da rayuwata da mutuwata na Allah ne. Rayuwa fa aka ce, ba awa ɗaya ta ranar Juma'a ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma, Baƙara 282, a kan rubuta bashi take. Wanda zai karɓi cin hanci a teburinsa sannan ya je sahun gaba, shi ne ya fi kowa raba addini da rayuwa, ko da bai taɓa jin kalmar ba, kuma wannan ya fi damuna fiye da abin da aka rubuta a takarda. Masu irin ra'ayin na ofis ɗinku suna kafa hujja da hadisin da Imam Muslim ya ruwaito, ku ne mafi sanin al'amarin duniyarku, alhali a kan barbarar dabino aka faɗe shi, wato dabarun noma da gini da likitanci, bai halatta riba ko zalunci ba.

Shi kuma abokinka ya yi gaggawa, kuma kafirta Musulmi ba abin wasa ba ne. Annabi Yusuf (AS) da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, aya ta 55 a surarsa, alhali sarkin yana da nasa dokokin. Sahabbai sun zauna a Habasha ƙarƙashin Najjashi lokacin yana Kirista, Manzon Allah (SAW) ne ya tura su saboda ba a zaluntar kowa a wurinsa. Ibn Taimiyya ma ya halatta wa mutum riƙe muƙami a ƙarƙashin azzalumi in zamansa yana rage zalunci. In duk masu tsoron Allah suka bar ofisoshi, wa aka bar wa?

Don haka aikinka halal ne, albashinka halal ne, matuƙar shi aikin ba haram ba ne a kan kansa. Sharaɗin shi ne kada zuciyarka ta yarda cewa dokar mutum ta fi ta Allah, ka yi sallarka a lokacinta, ka yi adalci ga Musulmi da wanda ba Musulmi ba kamar yadda Ma'ida aya ta 8 ta yi umarni, in an sa ka saɓon Allah ka ƙi. In kuma aka zo hana ka salla ko a hana 'yar'uwarka hijabi, ka nemi haƙƙinku ta kotu da ƙuri'a da magana mai kyau, ban da tashin hankali. Abokin naka ka kai masa wannan amsar cikin ruwan sanyi, in yana da sauran shubuha ya rubuto.

Wallahu a'alam.