Tambaya da Amsa: Kauɗar da ta yi baƙi, da ganyen da ke yaushi

Tambaya: Assalamu alaikum. Tumatirin da na shuka a bayan ɗaki ya yi albarka, na yanka na shanya, amma kauɗar ta fito baƙa, bayan sati biyu kuma ta yi fumfuna a cikin leda. Ina kuskuren yake? (Wata uwargida daga Funtuwa)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Matsalar duka ruwa ne. Tumatir kusan kashi 94 cikin 100 ɗinsa ruwa ne, shi ya sa kilo 10 na ɗanye ba ya ba da kilo guda na kauɗa. In bushewar ta ja lokaci, ruɓa yake farawa kafin ya bushe, daga nan baƙin ke zuwa.

Ki zaɓi mai tsoka irin Roma ko UTC, wanda ya nuna amma bai yi laushi ba. Ki wanke, ki tsane, ki yanka da tsawo gida huɗu, ki barbaɗa ɗan gishiri. Ki jera a faifai ko raga, wajen yankan yana kallon rana, kada wani ya hau wani. Ki ɗora a kan abu mai tudu don iska ta ratsa ta ƙasa, ki rufa da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙura. Shanya a dandaryar ƙasa ita ke kawo tsakuwa a miya. Rana na faɗuwa ki shigar ɗaki, domin raɓar dare ɗaya tana warware aikin wuni guda. A hunturu kwana 4 zuwa 6 kan isa.

Kafin ki adana, matsa ɗaya tsakanin yatsu: in kin ji danshi ko ya manne, da saura. Ki bari ta huce, sannan ki zuba a kwalba mai murfi. In washegari kin ga gumi a jikin kwalbar, mayar da ita rana. Wadda ta riga ta yi fumfuna kuwa, don Allah ki zubar.

Tambaya: Ba mu da firji. Yaya zan ajiye alayyahu da zogale? (Wani magidanci daga Maraɗi)

Amsa: Malam, ka sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ka cika tsakaninsu da yashi, ka jiƙa shi safe da yamma, ka zuba ganyen a cikin ƙaramar, ka rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Dabarar da marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa ke nan. Da rani take aiki sosai, da damina sanyinta kaɗan ne. Zogalen da za a busar kuma a inuwa ake shanya shi, rana tana kashe masa kore.