Shin neman lissafin kuɗin tallafin haya zargin shugabanni ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An ware wa ƙaramar hukumarmu wasu kuɗi takanas don tallafa wa waɗanda ake gab da kora daga gidan haya, kar su ƙare a titi. Shekara ta zagayo ba mu ga wanda aka biya wa ba, sai dai ance an gyara ofis an sayi mota. Da muka ce a nuna mana lissafi kuma a riƙa zama da mu kafin a kashe, sai wasu manya suka ce wannan munana zato ne da tada fitina. Malam muna da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa ba ku da laifi ko kaɗan, in dai kun bi ta hanyar da zan faɗa.

Kuɗin nan amana ne a hannun wanda aka damƙa wa, Allah kuma ya yi umarni a mayar da amanoni ga masu su a Suratun Nisa'i aya ta 58. Toh su waye masu su a nan? Matar nan ce da mai gida ya ba wa takardar tashi, ta ɗaure kayanta a zani ta ajiye bakin ƙofa da yara uku ba ta san inda za ta nufa ba. Wanda bashin haya ya yi wa katutu ma ai yana cikin garimina, wato mabarta da aka lissafa cikin masu cin zakka a Suratut Tauba aya ta 60. Ibnu Hazmi a cikin Almuhalla har cewa ya yi wajibi ne a sama wa matalauta mazaunin da zai kare su daga ruwan sama da zafin rana da idon masu wucewa.

Batun cewa neman lissafi zargi ne kuwa, gaskiya wannan magana ba ta da madogara. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya tura wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓar zakka, da ya dawo sai ya yi masa lissafi, mutumin ya ce wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, sai Annabi ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya gani ko za a kawo masa kyautar. Ka duba fa, sahabi ne, kuma Annabi da kansa ya zaɓe shi, amma hakan bai hana a ƙirga abin da ya kawo ba, kuma a bainar jama'a aka yi maganar. A Muslim akwai hadisin Adiyyu ɗan Amira, wanda duk aka sa shi wani aiki ya ɓoye ko allura ce, to ya yi gululu, wato ha'inci a dukiyar jama'a, zai zo da ita ranar ƙiyama. Mai amana na gaskiya shi ne ma yake ɗokin a zo a duba rasit ɗinsa.

Sai maganar mota da ofis. Shari'a ba ta hana ma'aikaci cin ladan aikinsa ba, ayar zakka ta ba masu aikin tarawa kasonsu, amma gwargwadon aiki, kuma a san adadin tun farko. Kuɗin da aka bayar da sharaɗi kuwa ba a karkatar da shi, musulmi suna kan sharuɗɗansu. Wallahi ko masallaci aka gina da kuɗin da aka ce na hana mutane kwana a titi ne an saɓa amana, balle mota. Hadisin da ya fi taɓa ni a wannan babi shi ne na Imamu Ahmad: Nana Faɗima ta zo neman mai hidima, hannunta duk ya yi kanta saboda niƙa, mahaifinta (SAW) ya ce ba zai ba ta ba ya bar mutanen Suffa cikinsu na murɗawa don yunwa. Mutanen Suffa kuwa su ne marasa gida na Madina, masu kwana a rumfar masallaci. 'Yarsa ce fa.

Shawara da jama'a kuma ba alfarma ce ake muku ba. Allah ya umarci Annabinsa da ita a Ali Imrana aya ta 159, Alƙurɗubi ma ya kawo maganar Ibnu Aɗiyya cewa shugaban da ba ya shawara da ma'abota ilimi da addini tsige shi wajibi ne. Abin da nake gani shi ne, a irin wannan lamari masu sani sun haɗa da waɗanda abin ya shafa, domin wanda aka taɓa watso wa kaya waje shi ya san ko kuɗin haya ake buƙata ko mai shiga tsakani da mai gida ko wanda zai tsaya masa a kotu. Kuma kafin a yanke ake shawara, taron da aka kira bayan an gama kashewa sanarwa ce kawai. Bayan an saurare ku yanke hukunci yana hannun wanda aka ɗora wa nauyin, sai dai ya bayyana dalilinsa.

Naku ɓangaren kuma, kar ku kira kowa ɓarawo a kan ance, maganar motar nan ku tabbatar tukunna kamar yadda Suratul Hujurat aya ta 6 ta ce. Ku rubuta buƙatarku a takarda ku sa hannu: nawa ya shigo, nawa ya fita, gidaje nawa aka taimaka, da wane ma'auni aka zaɓe su. Amma dan Allah kar ku nemi a manna sunayen waɗanda aka biya wa a bango ko a watsa a intanet, wannan tona asirin mabuƙaci ne, ya isa amintattu biyu ko uku da kuka yarda da su su duba sunayen a sirrance. In an ƙi ba ku amsa, ku kai ga hukumar da ke sama da su ko wadda ta bayar da kuɗin, wannan halal ne ba fitina ba. Allah ne mafi sani.