Ga 'yar'uwar da ta ce salama ta guje mata

'Yar'uwa cikin Ubangiji, sai da na karanta tambayarki sau uku kafin na iya rubuta komai. Kin ce kina addu'a, kina karanta Maganar Allah, amma fargaba ba ta sake ki ba, barci ya ƙaurace wa idonki, har kin fara zargin cewa bangaskiyarki ce ba ta kai ba. Na san wannan hali, domin na yi kusan shekara biyu a cikinsa.

Ni wanda ya jefa ni ciki ɗan'uwa ne mai bi, wanda na koya wa aiki da hannuna, muna kuma ƙungiyar mawaƙa ɗaya. Ya ƙulla mini sharri a wurin aiki har aka sallame ni, aka ba shi kujerata. Rashin aikin bai ci mini rai kamar ranar Lahadin da ta biyo baya ba, lokacin da fasto ya ce mu gai da juna da gaisuwar salama, mutumin nan ya juyo yana murmushi ya miƙo mini hannu. Na kama hannun, domin idanun jama'a suna kanmu, amma har yau ina tuna yadda tafinsa yake da sanyi, nawa kuwa yana rawa. A daren na zauna a bakin gado har asuba, Littafi Mai Tsarki yana buɗe a cinyata, ban iya karanta ko aya ɗaya ba. Mutumin nan bai taɓa neman gafara ba, ko sau ɗaya, kuma ya ci gaba da tsayawa a gaban ikkilisiya yana jagorantar waƙa. Da na kai kukana wurin wani dattijo, sai ya ce mai bi na gaske ba ya damuwa, maganar da ta ƙara mini nauyi a kan nauyi.

Dattijon nan ya yi kuskure, kuma kada ki yarda wani ya ɗora miki irin wannan kaya. Ki duba lokacin da Yesu ya yi maganar da ke cikin Yohanna 14:27, cewa salamarsa yake ba mu, ba irin wadda duniya take bayarwa ba. A daren da aka bashe shi ne, bayan Yahuza, almajirin da ya bashe shi, ya riga ya fita. Sa'o'i kaɗan bayan haka, a Getsamani, shi da kansa ya gaya wa almajiransa cewa ransa yana baƙin ciki har kamar ya mutu (Markus 14:34). In Mai ba da salamar ya yi wannan nishi, naki nishin ba shaidar rashin bangaskiya ba ne. Romawa 5:1 ta ce muna da salama da Allah tun da aka baratar da mu, wato aka karɓe mu a matsayin masu adalci, ta wurin bangaskiya. Wannan sulhu ne da Almasihu ya riga ya gama, ba ya hawa da sauka tare da bugun zuciyarki.

Abin da ya fara kwance mini ƙulli shi ne Zabura 55, inda mai zabura yake kuka cewa ba maƙiyi ne ya ci mutuncinsa ba, abokinsa ne, wanda suke tafiya Haikali tare. Na yi kuka sosai da na ga an rubuta ciwona tun kafin a haife ni. Ki yi addu'a da irin waɗannan zabura, har da ta 88 wadda ta ƙare cikin duhu ba tare da amsa ba. Ki rage bin labaran tashin hankali da dare, domin ni sun ƙara hura mini wuta. Kada kuma ki yi gaggawar cewa kin yafe wa kowa don a yaba miki. Ni sai da na yi watanni ina ambaton sunan mutumin nan a gaban Allah da haƙora a cije kafin zuciyata ta fara sanyi, har yanzu ma akwai ranakun da nake sake yafe masa daga farko.

Batun barci kuwa, ina roƙonki ki ga likita. Lokacin da annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, a 1 Sarakuna 19, mala'ika abinci ya ba shi sau biyu, ya bar shi ya yi barci, kafin Allah ya yi masa magana a Horeb.

Bulus yana ɗaure da sarƙa ya rubuta Filibiyawa 4:6-7, inda ya ce salamar Allah za ta tsare zukatanmu, kamar yadda mai gadi yake tsaron ƙofa. Haka ta zo mini, ba rana ɗaya ba, kuma tun kafin na sami wani aikin. Wata safiya ce kawai na farka na tarar gari ya waye ban tashi cikin dare ba. Ki nemi mace ɗaya mai riƙon amana a ikkilisiyarku wadda za ki iya kira ko da tsakar dare ne, ni kuma daga yau na sa ki cikin addu'ata ta asuba.