Ɗana ya maƙale a jirgin ruwa lokacin korona, an kuma riƙe masa albashi

Wani dattijo daga unguwar Birni, nan Damagaram, ya aiko da tambaya. Ɗansa ya samu aiki a jirgin dakon kaya ta hannun wani dillali a Kotonu, kwantiragin wata tara, a ƙarshen 2019. Korona ta zo, aka rufe iyakoki, bai taka ƙasa ba sai bayan wata 17. Ya dawo gida da hawan jini da rashin barci, albashin wata biyar na ƙarshe kuma har yau shiru. Kamfanin ya ce annoba daga Allah take, ba laifin kowa ba ne.

Baba, Allah ya ba yaron lafiya. Annoba daga Allah take, gaskiya ne, amma ba ta yafe wa kowa bashi ba. Wanda ya yi aiki a biya shi.

Da yake Nijar ba ta da teku, ku sani ba dokar ƙwadago ta gida ce za ta fara aiki a nan ba. Abin dubawa shi ne kwantiraginsa da dokar ƙasar da jirgin ke ɗauke da tutarta. Jirage da yawa na tafiya da tutar Laberiya ko Panama, kuma duka biyun sun amince da yarjejeniyar ma'aikatan teku ta 2006, wadda ake kira MLC, ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. Benin da Togo da Najeriya ma sun amince da ita. Sai dai ba ta shafi jiragen kamun kifi ba.

Yarjejeniyar ta ce a biya albashi aƙalla sau ɗaya a wata, kuma kada zaman ma'aikaci a jirgi ya cika wata 12 ba a ba shi damar komawa gida da kuɗin mai jirgi ba. Ɗanku ba shi kaɗai abin ya shafa ba. A watan Satumba na 2020 an ƙiyasta ma'aikata kusan 400,000 ne suka maƙale a teku. A Disamba na wannan shekarar kwamitin ƙwararru na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ya fito fili ya ce ba a fakewa da uzurin annoba matuƙar akwai wata hanyar sauke mutum, ko da ta fi tsada. Ko da an ce jinkirin saukarsa yana da uzuri, riƙe albashin ba shi da shi.

Kuɗin nan akwai ƙofa fiye da ɗaya. Tun Janairun 2017 dole kowane irin wannan jirgi ya kasance da inshorar ma'aikatan da aka yi watsi da su, kuma hana albashi na wata biyu yana cikin abin da ake kira watsi. Inshorar tana biyan albashi har na wata huɗu, takardar shaidarta kuma a manne take cikin jirgi inda kowa zai gani. Ku tambayi yaron ko shi ko wani abokin aikinsa ya ɗauki hotonta. Dillalin Kotonu ma bai fita ba: yarjejeniyar ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su tanadi abin biyan diyya idan mai jirgi ya saɓa alkawari, ta kuma hana su karɓar kuɗin samar da aiki daga hannun ma'aikaci.

Maganar lafiyarsa ce ta fi damuna, kuma ita ta fi wuyar tabbatarwa. Mai jirgi ne ke ɗaukar kuɗin maganin ciwon da ya kama ma'aikaci a bakin aiki, kuma dokar ƙasa ba ta da ikon rage wannan nauyi ƙasa da mako 16. Amma sai an nuna a jirgin ciwon ya fara. Kafin ya hau an yi masa gwajin likita. In takardar ta nuna jininsa lafiya lau, ta zama babbar hujja. Ku kai shi asibitin ƙasa na Damagaram a rubuta rahoto cikakke, har da rashin barcin da firgita, kada kunya ta sa ya ɓoye. Mutumin da ya shafe fiye da shekara ba ya sauka, yana aiki a gajiye, zuciyarsa ma ta jikkata, ba jiki kaɗai ba.

Ba zan ɓoye muku ba, lokaci ya ci da yawa. Haƙƙin fifiko da bashin albashi ke da shi a kan jirgin kansa, a ƙasashen da ke bin wata yarjejeniyar duniya ta 1993 kan basussukan da ake bin jiragen ruwa, yana faɗuwa shekara ɗaya bayan saukar ma'aikaci. Wannan ƙofa mai yiwuwa ta rufe. Bashin kansa kuwa yana da nasa wa'adin, gwargwadon dokar ƙasar tuta da abin da kwantiragi ya ce, don haka a karanta shi cikin makon nan.

Ku haɗa kwantiragi, littafin aikinsa na teku, fasfo mai hatimin hawa da sauka, takardun albashi, saƙonnin WhatsApp da lambar IMO ta jirgin, wato lambar shaidarsa ta duniya. Ku aika ƙorafi a rubuce ga hukumar jiragen ruwa ta ƙasar tuta, kwafi ɗaya kuma ga ITF, tarayyar ƙungiyoyin ma'aikatan sufuri ta duniya, wadda sufetocinta ke bin irin wannan bashi. In kamfanin ya turo wani abu kaɗan tare da takardar cewa an gama magana, kada yaron ya sa hannu sai lauya ya karanta ta.