Wace wuƙar aljihu ce ta dace da aikin yau da kullum?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon dusa da abincin kaji a Funtuwa. Wuni nake ina farke bakin buhu, ina yankan igiya, ina tsaga kwali, da yamma kuma in fere rake ko lemo. Watannin baya na sayi wata baƙar wuƙa mai ninkewa a tasha, irin wadda ake buɗewa da yatsa ɗaya. Ina cikin huda jarka da ita sai ta rufe a kan yatsana, har sai da aka yi mini ɗinki. Yanzu ina son in sayi ta ƙwarai. Wani ya ce in koma Okapi irin ta iyayenmu, wani ya ce Opinel, ɗana kuma ya nace sai Victorinox ko irin na zamani masu maƙalewa a bakin aljihu. Wacce ce ta fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ƙara lafiya, Ya tsare gaba. Na daɗe ina wasa wuƙaƙe ina gyaransu, kuma irin raunin nan naka na sha ganinsa. Galibi a manuniya yake, domin nan ne kaifin ke sauka idan wuƙa ta ninke. Saboda haka kafin mu kai ga sunan kamfani, mu fara da abin da ya ci amanarka, wato kullen wuƙar.

Wuƙaƙen aljihu gida biyu ne. Akwai waɗanda ba su da kulle ko kaɗan, sifirin ne kawai a bayan mariƙi yake danne gindin ruwan wuƙar ya riƙe shi a buɗe. In ka matsa bayan ruwan da ƙarfi zai ninke, kuma da ma haka aka ƙera su. Akwai kuma masu kulle, waɗanda wani ƙarfe ke tokare ruwan har sai ka janye shi da hannunka. A cikin waɗanda suka zo mini da yatsa a naɗe, masu wuƙa mai kulle sun fi yawa. Mai riƙe da marar kulle ya san halinta, lallaɓa ta yake yi. Mai kulle kuwa ya saki jiki, ya ɗora mata duk nauyinsa.

Taka, daga yadda ka siffanta ta, irin da masu sayarwa ke kira laina-lok ce. In tana nan ɗauko ta, ka buɗe, ka leƙa cikin mariƙin ta inda ruwan ke kwanciya. Za ka ga wani siririn fallen ƙarfe ya karkato daga gefe ya tsaya a gindin ruwan kamar sakata. Wani maƙerin wuƙa Ba'amurke, Michael Walker, shi ya gyara wannan tsari a farkon shekarun 1980, kuma tsarin ba shi da laifi. A wuƙar kirki sakatar tana shiga ta zauna daram, ta ci kamar sulusi zuwa rabin kaurin gindin. A ta tasha kuwa da ƙyar take lasar bakinsa, ga ƙarfen da laushi, wata biyu ya cinye. Kai kuma huda kake yi: ka dunƙule hannu, kana dannawa kana murzawa. A cikin murzawar nan tsokar yatsa ke ture sakatar gefe ba ka sani ba, sai ruwan ya faɗo. Huda abu mai tauri ba aikin ruwan wuƙa mai ninkewa ba ne, ko ta nawa ka saya.

In aikinka ne ma'auni, Opinel zan fara miƙa maka. Joseph Opinel ya soma ƙera ta a 1890 a yankin Savoie na Faransa, don manoma da makiyaya, kuma har yau siffarta ba ta canja sosai ba: mariƙin itace mai tsaga, ruwa, ƙusa ɗaya, da zobe a wuya. Zoben shi ne kullenta, an ƙara shi a 1955. Ka buɗe ruwan, ka murza zoben ya toshe tsagar, shi ke nan, ba inda ruwan zai bi ya koma. Ba sifirin da zai gaji, ba sakatar da yatsa zai ture, kuma da idonka kake ganin ko ta kullu. Daga shekarar 2000 suka gyara zoben yadda zai kulle ta ko a rufe take, don kada ta buɗe a aljihu. Lamba 8 ce aka fi saye, tsawon ruwanta santimita 8.5, nauyinta bai kai giram 50 ba.

Abin da ya sa nake sonta shi ne sirantar ruwanta. Mutane da yawa suna ɗaukar kauri a matsayin inganci, alhali wuƙa mai kaurin ruwa tsaga abu take yi kamar gatari. Sa Opinel a kwali ka ja, za ka ji ta wuce sulu, ba ta cijewa. Sa ta a rake, ɓawon ne kaɗai zai tashi, ba za ta kwashe maka rabin gaɓa ba. Haka zaren bakin buhu, tsininta na shiga ƙarƙashin ɗinkin ba tare da ka yaga buhun ba.

Amma tana da halinta, gara ka sani tun yanzu. Itace na shan ruwa. In damina ta yi nisa, ko ka wanke ta ka bar ta a jiƙe, wuyan mariƙin zai kumbura ya matse ruwan har farce ya kasa zaro shi. Mutanen Savoie suna da dabararsu: ka riƙe ta ta wajen zoben, ka buga ƙarshen mariƙin a kan benci, sai tsinin ya ɗan leƙo ka kama. Maganin da ya fi ɗorewa shi ne ka bari ta bushe sarai, sannan ka cusa basilin a tsagar wuyan, itacen ya sha. Da hunturu kuma akasin haka take yi, itacen ya tsuke, ruwan ya yi sako-sako, a nan zoben ke da rana. Ruwan rake ma yana gangarawa wuyan ya daskare ya yi danƙo, don haka goge ta kafin ka rufe. Kuma hannu biyu take so wajen buɗewa.

Duba jikin ruwan kafin ka biya. In an rubuta Carbone, baƙin ƙarfe ne mai saurin ɗaukar kaifi, amma lemo da mangwaro za su baƙanta shi, kuma da farko yakan bar ɗanɗanon ƙarfe a abin da ka yanka. Baƙin ba illa ba ne, ja-jan tsatsa ne abin gudu. In an rubuta Inox, ƙarfen da ba ya saurin tsatsa ne. Tunda kana fere kayan marmari kullum, Inox ɗin ce taka.

Okapi kuwa, wanda ya ba ka shawararta bai yi ƙarya ba, ta yi wa iyayenmu aiki. A Solingen ta Jamus aka fara yinta a 1902, musamman don kasuwar Afirka, sannan a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Kowa ya san mariƙinta mai adon wata da taurari, da ƙarar nan kir-kir-kir da take yi in ana buɗewa. Kullenta a bayan mariƙi yake, ƙarfe ne mai zobe da ke kama wani haƙori a gindin ruwan, sai ka ja zoben take saki. In ta asali ce tana riƙewa. Matsalolinta uku ne a wurina. Sau da yawa a dakushe take fitowa daga masana'anta, sai ka zauna ka fitar mata da baki. Jabunta sun cika kasuwa, an kwaikwayi adon an bar ƙarfen. Sannan babbar cikinsu doguwa ce, ruwanta ya kai kimanin santimita 10, kuma sunanta ya ɓaci a hannun ɓata-gari, har a can Afirka ta Kudun. A gona ko a ruga ba wanda zai ɗaga ido. A aljihun ɗan kasuwa mai ratsa shingen jami'an tsaro kuwa, za ta iya jawo maka tambayoyin da ba ka da buƙatarsu.

'Yan'uwanmu na Nijar za su ce na manta da Douk-Douk, wadda ake yi a garin Thiers na Faransa tun 1929, ta kuma bazu a ƙasashen da Faransa ta mulka. Mariƙinta fallen ƙarfe ne da aka ninke, shafal take kamar ba komai a aljihu, har akwai samfurinta mai suna El Baraka da aka yi wa tambarin Agadas. Ba ta da kulle, sifirinta ne mai tsananin ƙarfi. Ba ruwanta da damina ko hunturu. Sai dai siririn mariƙin yana cin tafin hannu in aikin ya yi tsawo.

Ɗanka ma yana da hujja. Victorinox kamfanin Suwizalan ne da Karl Elsener ya kafa a 1884, kuma aikinsu tsaf yake, da wuya ka ga ta asali tana girgiɗi. Ruwanta siriri ne, ba ya saurin tsatsa, yana da sauƙin wasawa, ko da yake yana saurin dakushewa a kan kwali. Abin da take da shi wanda sauran ba su da shi shi ne 'yan kayan aikin da ke jikinta: sukundireba, mabuɗin gwangwani, a wasu har da almakashi da ɗan zarto. Mafi muhimmanci gare ka, akwai ɗan tsinken huda mai kama da basilla. A samfurin Pioneer mai mariƙin alminiyom, tsinken a ƙarshen mariƙin yake fitowa, gajere kakkaura, shi aka yi don irin aikin da ya yanke ka. Galibin ƙananansu ba su da kulle, wannan ka riƙe shi a ranka. Kuma a shagon dusa gari zai riƙa cika tsakanin fallayenta, sai ka riƙa buɗe ta kana rufewa a cikin ruwan ɗumi, ka shanya, ka ɗiga mata mai kaɗan. Wani alherinta shi ne ba ta tsorata kowa. Ka fito da ita a cikin mutane, abin da za su gani kayan aiki ne.

Na zamanin fa? Kamfanin Spyderco na Amurka ne ya fito da maƙalin aljihu da ramin babban yatsa a jikin ruwa a 1981, kuma buɗewa da hannu ɗaya abu ne mai amfani na gaske ga wanda ɗaya hannun ke riƙe da bakin buhu. Ba na raina su. Amma an yi su ne da wandon jins a zuciya. Maƙalin yana son bakin aljihu mai kauri da tauri. A aljihun gefe na kaftani ba ya samun abin kamawa, in kuma ya kama, sannu a hankali zai ci maka bakin shadda. Nauyi ma haka: Buck 110, wadda ta fito a 1964 ta kuma yi suna da ƙarfin kullenta na baya, ta kai kimanin giram 200, shi ya sa ake sayar da ita da kube na ɗamara. Sa ta a aljihun riga ka ga yadda rigar za ta karkace. Sannan da yawa daga cikin sababbin a kan boris ruwansu ke juyawa, don su buɗe da santsi. Ƙurar hunturu da garin dusa suna shiga boris ɗin, bayan 'yan makonni ka ji tana ƙasar-ƙasar. Wadda ruwanta ke juyawa a kan washa, wato ɗan siririn faifan tagulla, ta fi jure mana. Kada kuma sunan ƙarfe ya ruɗe ka. Irin su D2 suna daɗewa da kaifi, amma ran da suka dakushe, dutsen wasa wuƙa na gida zai sha wuya a kansu.

To, ga abin da zan yi in ni ne kai. Zan sayi Opinel lamba 8 Inox don buhu, igiya, kwali da rake. In aljihu ya yarda, zan ƙara da Victorinox mai tsinken huda in ajiye a aljihun tebur. In kuwa ka ga lallai sai mai buɗewa da hannu ɗaya, to ka sayi ta kamfanin da aka sani, kuma ka gwada ta a gaban mai sayarwa. Buɗe ta, ka kama bayan ruwan ka girgiza gefe da gefe, sama da ƙasa. In ka ji motsi, ajiye. Sannan ka riƙe mariƙin ta gefuna, yatsunka duka a wajen hanyar kaifin, ka danna bayan ruwan a kan katako da ɗan ƙarfi. In sakatar ta zame ko kaɗan, ba taka ba ce.

Abu biyu da ba ka tambaya ba amma suna da muhimmanci. Kada ka yi yankan dabba da wuƙar aljihu, ko da kaza ce, in akwai wata. Gajarta da ninkewarta suna wahalar da dabbar, jini da kitse kuma suna shiga wuyanta inda wanki ba ya kaiwa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa, kuma doguwar wuƙar mahauta ce ke cika wannan. Na biyu, in tafiya ta kama ka ta jirgin sama, ko Hajji ko Umara, sa ta a babbar jaka da ake aunawa. In tana jakar hannu za a karɓe ta a wurin bincike. Taron siyasa, filin ƙwallo da makamantansu kuwa, bar ta a shago.

Wajen wasawa ba ka buƙatar wani inji. Kifa kofin tangaran, za ka ga da'irar gindinsa da ba a shafa wa ƙyalli ba, mai ɗan kaushi. Kwantar da ruwan a kai, ka ɗaga bayansa kaɗan, kamar digiri 20, ka ja daga gindi zuwa tsini sau goma, ka juya ka yi wa ɗaya gefen haka. Ka ƙarasa da shafa ta a bayan tsohon bel na fata, kana ja baya-baya yadda wanzami ke yi wa aska. Sau ɗaya a mako ya ishi mai aiki irin naka, kuma ka guji masu wasawa da injin gurza, domin zafinsa na kashe ƙarfen siririn ruwa.

Ita kuwa waccan baƙar, don Allah kada ka ba yaron shago. Sakatar da ta zame sau ɗaya ta riga ta cinye, za ta sake. Karya ruwan, ka naɗe shi a kwali, ka ba masu sayen tsohon ƙarfe.