Bege, Ta'aziyya da Shukar Binne: Amsoshin Wasiƙunku

Jama'a, sannunku da hunturu. Wasiƙun wannan karon yawancinsu daga kudancin Gombe da yankin Tafawa Ɓalewa suka fito, kuma kusan duk a kan kalmomin da ake ji a majami'a ne lokacin Kirsimeti da Ista, bikin tashin Yesu daga matattu. Masu kama da juna na haɗe su wuri ɗaya.

Wani malamin firamare daga Kaltungo ya rubuto: "A coci muna cewa bangaskiya, bege da ƙauna. Abokin aikina, Bakano, ya ce Hausarmu ce ta karkace, wai bege na masoya ne da masu yabon Annabi, fata ya kamata mu ce. Wa ke da gaskiya?"

Malam, abokinka ya san Hausa, sai dai ya tsaya a rabin hanya. Gaskiya ne a bakin Bahaushe bege shi ne ɗokin wanda ba ya kusa. Saurayi yana begen budurwarsa, matafiyi yana begen gida, sha'irai kuma suna bege a taron Maulidi. Duk inda ka ji kalmar, akwai wanda ake so, kuma ido bai kai gare shi ba.

To, ɗauko sauran kalmomin da ake da su ka gwada. Fata ba ta da nauyi. Kana fatan a kawo wuta da daddare, kana fatan farashin taki ya sauko, in bai yiwu ba ka ce dama haka ka zata. Buri na abin da mutum yake so ya cim ma ne da ƙoƙarinsa. Tsammani kuwa yana iya zama na banza, shi ya sa aka ce tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka. Ba ko ɗaya a cikinsu da zai ɗauki abin da Manzo Bulus yake nufi a Romawa 8:24-25, inda ya ce abin da ido ya riga ya gani ba a kiransa bege, wanda ba a gani ba shi ake jira da haƙuri. Kirista yana jiran wani ne da ya zo sau ɗaya, ya tafi, ya kuma yi alkawarin dawowa. Jira ne da so a cikinsa. A Hausa kuwa jiran da ke da so a cikinsa sunansa bege.

Masu fassara ma sun yi ta kai-kawo a nan. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, da hannun Dokta Walter Miller na Wusasa a cikin aikin, an kuma sake fassara shi daga baya. Shi ya sa in ka buɗe 1 Korintiyawa 13:13, wani bugun za ka ga bege, wani kuma sa zuciya. Dukansu Hausa ne tsantsa. Sa zuciya ta fi fito da jiran, bege ya fi fito da son. Ni dai in za a tambaye ni, bege ya fi daɗin waƙa, kuma shi ne ya zauna a bakin mutane. Tun da masu bishara na ƙungiyar mishan ta SIM suka iso Kaltungo a 1917, Hausa ta yi ta zama harshen da Batangale da Bawaje da mutumin Tula da na Dadiya suke haɗuwa a cikinsa ranar Lahadi, kamar yadda take a wurin Sayawa da Jarawa a Bauchi. Kalmar da aka yi shekaru masu yawa ana rerawa a bikin aure da bakin kabari ta wuce a ce mata kuskure.

Ga ɗan ƙari da za ka kai wa abokinka. In Bahaushe zai ce mutum ya fid da rai gaba ɗaya, cewa yake ya yanke ƙauna, ko ya ɗebe ƙauna. Ka ga tun kafin zuwan mishan harshen da kansa ya ɗaure sa rai da ƙauna da igiya ɗaya.

Wata uwa daga Billiri ta ce: "Maigidana ya rasu da damina. Wannan ce Kirsimetina ta farko ba shi. A wa'azi na ji Fasto yana ta maimaita ta'aziyya, sai raina ya ɓaci. Ta'aziyya ba ta gidan makoki ba ce? Me ya kawo ta ranar murna?"

Mama, sannu da haƙuri. Allah ya ba ki dangana, ya raya abin da ya bari.

Kunnenki bai yi ƙarya ba. A Hausar yau da kullum ta'aziyya ita ce gaisuwar mutuwa: rumfa a ƙofar gida, bencina da tabarmi, masu shigowa suna cewa ya haƙuri, ana amsa musu da godiya. Kalmar daga Larabci muka aro ta, ma'anarta a can sa wa mai baƙin ciki haƙuri. Hausar majami'a ta faɗaɗa ta, ita da aikataunta, wato ta'azantar. A Ishaya 40:1, ayar da ake yawan karantawa gab da Kirsimeti, Allah ya ce a ta'azantar da mutanensa, alhali ba gawa ce a gabansu ba, zaman bauta ne a ƙasar Babila. A 2 Korintiyawa 1:3 an kira shi Allah na dukan ta'aziyya. Wato duk wani abu da ke sanyaya zuciyar da ta ƙuna, ko mutuwa ce ta ƙona ta ko wani abin, ta'aziyya ne.

Amma ba zan ce miki ki cire makoki daga cikin kalmar ba, don labarin Kirsimetin kansa bai cire shi ba. Mun saba da mala'iku da makiyaya da masanan da suka zo daga gabas, su ne yara suke yi a wasan kwaikwayo da zanen gado a kafaɗa. Ki ɗan ƙara gaba a Luka sura 2. Da aka kai jaririn Haikali, wani dattijo mai suna Saminu ya karɓe shi, kuma aya ta 25 ta ce shi mai jiran ta'aziyyar Isra'ila ne. Shi ne kuma ya dubi Maryamu, mai jego, ya ce mata takobi zai soki zuciyarta. A gefensa ga Hannatu, tsohuwa tukuf, wadda shekara 7 kacal ta yi da mijinta ya rasu, ta ƙare sauran kwanakinta a Haikali da azumi da addu'a. Ita ce ta fita tana ba mutane labarin yaron. A Matiyu 2:18 kuma ga Rahila tana kukan 'ya'yanta, ta ƙi yarda a ta'azantar da ita. Littafin bai tsawata mata ba.

Na san yadda Billiri take a ƙarshen Disamba. Motoci suna ta sauke 'yan gida daga Legas da Abuja da Jos, hazo ya rufe duwatsu, Zumuntar Mata sun sha anko suna buga tulu, yara suna zirga-zirga da kwanukan shinkafa da cincin zuwa gidajen maƙwabta, har da na Musulmi. A irin wannan hidima ne kujerar da ba kowa a kanta take fi bayyana. Fastonku yana tsaye a gaba yana kallon fuskoki, ya san ba ke kaɗai ba ce. In kin ji kuka ya zo miki tsakiyar waƙa, ki yi abinki, ba ki ɓata wa kowa biki ba.

Wani ɗalibin makarantar Littafi Mai Tsarki daga Bogoro ya tambaya: "Wane karin magana ne ya fi dacewa da wa'azin Ista? Na yi niyyar in ɗora shi a kan in da rai da rabo."

Ɗana, ajiye wannan tukuna. Karin maganar mai kyau ce, amma ba ta ranar ba ce.

Hausa tana da arzikin maganganun rarrashi. Bayan wuya sai daɗi. Komai nisan dare gari zai waye. Mahaƙurci mawadaci. Wuya ba ta kisa. Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. In ka lura, dukansu da mai rai suke magana. Wanda kasuwa ta karye masa, ko ɗalibin da ya faɗi jarrabawa, ko manomin da fari ya cinye masa gero, in ka ce masa in da rai da rabo ka ba shi abin riƙewa. Amma ka lura da sharaɗin da ke farkonta: in da rai. In babu fa? Ba mai hankalin da zai tsaya a bakin kabari ya faɗe ta. Ko wuya ba ta kisa ma, wanda ya yi jinya a asibiti ya san wani lokacin tana yi.

Saƙon Ista kuwa daga inda waɗannan suka tsaya yake farawa. Masu bi suna cewa an gicciye Yesu, ya mutu, an sa shi a kabari, a rana ta uku ya tashi. Saboda haka ne 1 Bitrus 1:3 ta kira begen nan rayayye, 1 Tasalonikawa 4:13 kuma ta ce kada a yi baƙin ciki irin na marasa bege. Ba ta hana baƙin cikin ba, irinsa ta bambanta. Daga nan Hausar coci ta samo maganganunta na makoki, irin su ya yi barci cikin Ubangiji, an kira ta gida, sai mun sadu. Wanda bai saba ba yakan ɗauka kauce wa sunan mutuwa ake yi don ladabi. A wurin mai faɗar kuwa, sai mun sadu sallamar matafiyi ce, da niyyarta yake faɗa.

In kana neman abin da Basayi manomi zai kama nan take, duba gona. Ista tana faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, domin ita ce Lahadin da ke bin cikar wata na farko daga 21 ga Maris, tsarin da ake dangantawa da taron shugabannin coci da aka yi a Nikiya a shekarar 325. A wurinmu wannan tsakiyar bazara ce. Zafi ya kai maƙura, rijiyoyi sun ja baya, rumbu ya fara nuna ƙasa. A daidai wannan lokacin wasu manoma suke shukar binne. Mutum ya ɗebo irin geron da ya ɓoye tun kaka, wanda da ya ga dama ya daka ya ci, ya fita da sungumi ya sare busasshiyar ƙasa, ya jefa, ya take da diddige, ba ko ɗigon ruwa. Kalmar da muke faɗa wa gawa ita muke faɗa wa wannan irin: an binne. Yesu ya ce in ƙwayar alkama ba ta faɗi ƙasa ta mutu ba, ita kaɗai za ta zauna, a Yohanna 12:24. Bulus ya ɗauki zancen a 1 Korintiyawa 15, ya ce ana shuka jiki cikin rauni, a tashe shi cikin iko. Ba ka bukatar dogon bayani, harshen ya yi maka rabin wa'azin. Sai dai ka faɗa wa jama'a gaskiya cewa kwatanci ne, don binnen gona yakan ruɓe in ruwan farko ya yi yayyafi ya ɗauke, tsofaffin da ke bencin gaba kuma sun san haka fiye da kai.

In kuwa lalle sai ka sa karin magana, ɗauki komai nisan dare gari zai waye. Ta yi kusa da Zabura 30:5, ta kuma dace da matan da suka yi sammako zuwa kabari ran Lahadi.

Wata ɗaliba daga Bauchi: "Ranar da aka kashe mutum ta yaya za a ce mata Juma'a Mai Kyau?"

Sunan nan na ranar da aka gicciye Yesu fassara ce kai tsaye daga Turanci, shi ya sa yake ɗan tsaya wa Bahaushe a wuya. Mu da muke cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, wannan kam makonta bai nuna alamar kyau ba: ga cin amana da azurfa 30, ga kamun dare, ga musun Bitrus kafin carar zakara. Masu bi daga baya suka waiwaya suka sa mata suna, saboda fansar da suka gaskata an yi a ranar. Wasu sukan ce Juma'a Mai Tsarki, kuma a kunnena ta fi zama daidai. Ki yi amfani da wadda ikilisiyarku ta saba.

Kada kuma ki haɗa Ista da Idin Ƙetarewa. Na biyun idin Yahudawa ne na tunawa da fitarsu daga Masar, yana cikin Fitowa sura 12. A lokacinsa aka gicciye Yesu, shi ya sa sunayen suke tafiya tare a karatun makon.

Ta ƙarshe, daga wani yaro a Dukku, wanda ya ce malaminsu na Lahadi ya gaya musu an kwantar da jariri Yesu a cikin kwalekwale, yana so ya san ko akwai kogi a Baitalami.

Yaro, malaminku komi ya gani a Luka 2:7. Komi itace ne da aka fafe. A bakin kogi, kamar Gongola, shi ne jirgin da masunta suke shiga. A turke kuwa shi ne abin da ake zuba wa dabbobi dusa da ruwa. Na dabbobin ake nufi, don ba su sami wuri a masauki ba. Ka gaya masa a hankali bayan an tashi, ba a gaban aji ba.